Yadda Ake Samun Izinin Zama a Mota Mai Ɗaki a Filin Kasuwanci a Amurka

Mai garejin gyaran mota a Amurka, ko mai filin sayar da motoci, ko mai wurin ajiye tireloli, yakan leƙa bayan filinsa ya ga wuri zaune a banza. Ga hayar gida tana lashe abin da ake samu, ga ɓarayi suna yanka shinge da dare. Sai dabara ta faɗo masa: a sayi mota mai ɗaki, irin wadda suke kira RV, mai gado da kicin da bayi a cikinta, a girke ta a bayan shago a riƙa kwana. A ƙasarmu wannan ba abin tambaya ba ne, mai gadi yana kwana a wurin da yake gadi. A can kuwa, mallakar fili ba ta ba ka ikon kwana a kansa. Dokar shiyya ce take faɗin abin da za a yi a kowane fuloti, kuma a yawancin birane amsarta ta farko ga wannan dabara ita ce a'a. Akwai ƙofofi, amma sai an bi su kafin a sayi motar.

Dokar shiyya tsohuwa ce. Birnin Niyok ya kafa cikakkiyar irinta a 1916, Kotun Ƙoli kuma ta halatta tsarin a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohayo da kamfanin filaye na Ambler. Tun daga nan kusan kowane birni yake yanka ƙasarsa: nan gidaje, nan kasuwanci, nan masana'antu. Ba gwamnatin tarayya ke rubuta ta ba. Shi ya sa abin da aka bar wa wani a garinsu ba hujja ba ce a naka garin, ko da tafiyar minti goma ce tsakaninku.

Mataki na 1: Gano wa ke da iko da filin

Adireshin gidan waya yana ruɗi. Wasiƙa tana iya zuwa da sunan birni alhali filin yana wajen iyakar birnin, a hannun gunduma. Ka ɗauko lambar fulotin daga takardar harajin fili ko daga shafin ofishin ƙiyasta haraji na gundumar, ka sa ta a taswirar shiyya ta intanet. Za ta nuna maka hukumar da ke da filin, da alamar shiyyarsa. Alamar da ta fara da R galibi gidaje ce, C kasuwanci, M ko I masana'antu. Lambar da ke biye da harafin, C-1 ko C-2, ma'anarta tana canzawa daga gari zuwa gari, kada ka yi mata fassarar ka.

Duba kuma ko an ɗora wa filin wata shiyya a kan ta asali: yankin ambaliya, kusa da filin jirgin sama, ko unguwar tarihi. Ita ce takan kashe magana bayan an gama komai.

Wurin da ba shi da dokar shiyya ma ba sakaka yake ba. Hustan ta jihar Tekzas ita ce babban misali, mutanenta sun ƙi tsarin a ƙuri'a har sau uku, na ƙarshe a 1993. Duk da haka sharuɗɗan da ke rubuce a takardar mallakar fili suna aiki, haka ma dokokin gini, ambaliya da najasa.

Mataki na 2: Karanta dokar, amma da tambaya uku a hannu

Yawancin birane sun sa dokokinsu a intanet, da yawa a shafin Municode. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga inda aka ce an yarda a ajiye RV a shiyyar kasuwanci, a rufe shafin da murna. Ajiyewa daban, kwana a ciki daban, jona mata wuta da ruwa da bututun najasa kuma daban. Kowanne da sashensa. Filin da aka ba lasisin ajiye irin waɗannan motoci hamsin yana iya zama haramun ne a kwana a ko ɗaya daga cikinsu.

Fara da sashen ma'anonin kalmomi. Nemo yadda aka fassara RV, da yadda aka fassara wurin zama. Nan za ka tarar da tushen matsalar: a idon doka wannan mota ba gida ba ce. Gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a kai su fili suna bin ƙa'idar hukumar gidaje ta tarayya, HUD, tun Yunin 1976. Motar shaƙatawa ba ta cikin wannan ƙa'ida. Ana ƙera ta a kan ma'aunin ƙungiyar kariya daga gobara mai suna NFPA 1192, manyan da ake girkewa a sansanin irin waɗannan motoci kuma a kan wani ma'auni mai suna ANSI A119.5, waɗanda ba sa wuce murabba'in ƙafa 400. Dokar da HUD ta fitar a 2018 ta bayyana ta a matsayin abin da aka yi don shaƙatawa, ba don zaman dindindin ba. Sufeton gini ba shi da hanyar ba ta takardar shaidar zama kamar yadda yake ba gida.

Sai teburin amfanin fili. Layuka ne na sana'o'i da ayyuka, a gefe guda shiyyoyi, a mahaɗarsu alama: an yarda kai tsaye, an yarda da sharaɗi, ko an bar gurbin fayau. Gurbin da aka bari fayau hani ne. A yawancin dokokin, abin da ba a ambata ba haramtacce ne, don haka "ban ga inda aka hana ba" ba ta fid da kowa.

Daga ƙarshe sashen ajiye motoci. Nan ake ɓoye jimlar da ke cewa ba za a zauna ko a kwana a irin wannan mota ba sai a sansanin da aka ba lasisi. In akwai sassauci, nan ma yake: 'yan kwanaki a shekara don baƙo, ko tsawon lokacin gini.

Mataki na 3: Zaɓi ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta mai gadi. Dokoki da yawa sun yarda da masauki ɗaya na mai kula da wuri a shiyyar masana'antu da ta manyan kasuwanci, a matsayin abin da ke bin sana'ar. Kalmomin da za ka nema a dokar su ne "caretaker" da "watchman". Karanta sharuɗɗan a hankali, domin nan ake faɗuwa. Wasu garuruwan sun ce dole masaukin ya zama ginin dindindin ko ɗaki a cikin ginin sana'ar, ka ga motar ta fita kenan. Wasu sun yarda da mota amma da izinin da ake sabuntawa. Kusan duka suna son mai zaman ya zama mai sana'ar ko ma'aikacinta, masauki ɗaya tak a fuloti, kuma ran da sana'ar ta rufe izinin ya mutu. Hujjar da ke karɓuwa ita ce ta aikin: kaya masu tsada a fili, dabbobi, injin da ba a kashewa, ko rahotannin 'yan sanda na fasa wurin da aka yi a baya. Tsadar haya gaskiya ce, amma ba ta cikin abin da jami'in yake da ikon dubawa.

Ta biyu izinin wucin gadi. An fi ba da shi inda ake gini, ko ga masu sana'ar lokaci, ko bayan gobara da guguwa. Yawanci a ɗaure yake da izinin gini mai rai, yana da ranar ƙarewa, kuma ana sa ka sa hannu cewa za ka janye motar. Mai sauƙi ne, amma ba a gina rayuwar shekara biyar a kansa.

Ta uku izini mai sharaɗi, wanda ke bukatar zaman sauraron jama'a a gaban kwamitin tsara gari. Ya fi tsada, yana cin watanni, kuma kuɗin nema ba ya dawowa in aka ƙi.

Akwai masu ba da shawarar a nemi a ɗauke wa fili dokar saboda matsi. Wannan hanya an yi ta ne don abubuwa irin su tazarar gini daga iyaka a fuloti mai karkataccen siffa, ba don kawo amfanin da shiyyar ba ta san shi ba. Dokar jihar Kalifoniya ma ta hana ba da irin wannan sassauci don sauya amfanin fili. Canza shiyyar fulotin baki ɗaya kuwa, saboda mota ɗaya, ɓarnar kuɗi ce.

A kula da labaran da ke yawo cewa wata jiha ta halatta zama a RV. Jihar Oregon ta yi doka a 2023 da ta ba gundumomi damar barin mota ɗaya ta haya a filayen gidaje na karkara. Filin gida ake nufi, kuma sai gundumar ta ga dama. Ba ta shafi bayan gareji ba.

Mataki na 4: Karɓi amsa a rubuce

Je ofishin tsara gari da lambar fuloti, ko ka aika musu imel. Kada ka ce "zan iya ajiye RV a filina?", za a ce maka e, kuma amsar wata tambaya ce aka ba ka. Faɗi abin yadda yake: fuloti lamba kaza, shiyya kaza, sana'a kaza, ana so mutum ɗaya ma'aikaci ya riƙa kwana a mota mai tsawon ƙafa kaza duk dare, da wuta da ruwa da bututun najasa. Wane sashe ne ya yarda ko ya hana, wane izini ake nema, nawa ne kuɗinsa, wata nawa yake ɗauka?

Maganar baka ta ma'aikacin kanta ba ta ɗaure hukuma. Nemi wasiƙar tabbatar da shiyya mai sa hannu, ana biyan kuɗi kaɗan a kanta. In ofishin yana yin zaman share fage kafin a shigar da takardu, ka nema, domin a nan ne mutumin kwana-kwana da na lafiya da na gini suke faɗin abin da kowannensu zai hana. Sai wasiƙar tabbatar da shiyyar ta zo hannu ake zuwa cinikin mota.

Mataki na 5: Mai fili, banki da inshora

In haya kake, buɗe yarjejeniyar. Kusan kowace hayar kasuwanci tana da sakin layin da ya ƙayyade abin da za a yi a wurin, wasu sun hana kwana ƙarara. Saɓa shi dalili ne na korar sana'ar gaba ɗaya. Izinin mai fili ya zama ƙari a rubuce a jikin yarjejeniyar, kuma dama hukuma za ta nemi sa hannunsa a takardar nema. In naka ne amma da bashin banki a kai, duba takardar bashin, haka ma dokokin ƙungiyar masu filaye in wurin rukunin masana'antu ne.

Inshora biyu ne abin ya shafa. Inshorar RV ta yau da kullum an yi ta don mai fita hutu, mai zama kullum sai ya sayi ta masu zaman dindindin. Inshorar sana'ar kuma an yanke kuɗinta a kan cewa ba kowa a wurin da dare. In gobara ta tashi daga motar ta ci shago, kamfanin zai fara da tambayar ko an gaya masa. A gaya masa a rubuce tun farko.

Mataki na 6: Zana filin ka zaɓi gurbi

Hukuma za ta nemi zanen fili mai ma'auni: iyakoki, gine-gine, ƙofofin shiga, wuraren ajiye mota, inda motar za ta tsaya, da hanyar da waya da bututu za su bi. Ɗauki tef ka auna da kanka.

Lissafin wuraren ajiye mota yana kayar da mutane da yawa. A ce doka ta wajabta wa shagonka gurbi 12, kuma 12 ɗin gare ka. Gurbi ɗaya faɗinsa kamar ƙafa 9 ne. RV mai ƙafa 35 in ta kwanta a gicciye ta cinye huɗu, saura takwas, shagon da kansa ya zama mai saɓa doka. Gurbin naƙasassu ba a taɓa shi: filin da ke da gurbi 1 zuwa 25 dole ya bar ɗaya, 26 zuwa 50 biyu. Auna motar da ɗakunanta na gefe a buɗe, ba a naɗe ba, domin in an turo su waje faɗin yana ƙaruwa da ƙafa da yawa, ga matakala, ga rumfa.

Hanyar motar kashe gobara, a ƙa'idar da yawancin birane ke bi, faɗinta ƙafa 20 ne ba tare da cikas ba, famfon kashe gobara kuma ana bar masa ƙafa 3 ta kowane gefe. Tazara daga iyaka da daga gini tana cikin dokar garin. Nesanta motar da wurin fenti, walda, tankin mai da tarin taya. Wasu garuruwan suna son a tsaya a kan kankare ko kwalta, a kuma kare ta da shinge daga titi.

In filin yana yankin ambaliya na taswirar hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, zaɓi uku ne: motar ta yi ƙasa da kwana 180 a jere a wurin, ko ta kasance da lamba mai rai a shirye ta hau titi, ko a ɗaga ta a ɗaure kamar gidan da ake ƙerawa a masana'anta. A shirye tana nufin tana kan tayoyinta ko jak ɗinta, abin da aka jona mata mai saurin cirewa ne, ba a manna mata baranda ko ɗaki ba. Ko ba ambaliya, kada a cire taya, kada a bar lamba ta mutu. Motar da ba ta motsi ta zama gini mara izini ko gawar mota, duka biyun laifi ne.

Mataki na 7: Najasa, ruwa, wuta

Najasa ita ce abin da hukuma ba ta wasa da shi. Motar tana da tankin ƙazamin ruwa biyu, na bayi da na ruwan wanka da wanke-wanke. Dukansu najasa ne a yawancin dokoki, ba a sakin ko ɗaya a ƙasa. Ramin da ke tsakiyar filin ajiye motoci na ruwan sama ne, kai tsaye yake zuwa rafi, zuba najasa a ciki tara ce mai nauyi. Magudanar ƙasan gareji da ke bi ta matatar mai ita ma ba wurinta ba ne. Hanyar da ta dace: mai aikin famfo mai lasisi ya karɓi izini ya fito da baki mai inci 3 ko 4 daga bututun najasar ginin, mai murfi, da gangaren kwata na inci a kowace ƙafa. In shadda ce a filin ba bututun gari ba, sai ofishin lafiya ya yarda, domin an auna ta ne da ma'aikatan rana, ba mai wanka da girki ba.

Bawul ɗin tankin bayi a bar shi a rufe ko da an jona tiyo. In aka bar shi a buɗe, ruwa ya tsiyaye ya bar tsibin ƙazanta ya bushe a ƙarƙashin masai, sai an sha wuya kafin ya fita. A jira ya kai kashi biyu cikin uku, a buɗe shi, sannan a bi da na ruwan wanka ya wanke tiyon.

Ruwan sha yana son tiyo na ruwan sha, da abin hana ruwa komawa baya a bakin famfo, da abin rage ƙarfin ruwa zuwa psi 40 ko 50 (psi ma'aunin ƙarfin ruwa ne). Ƙarfin ruwan ginin kasuwanci yakan fasa mahaɗan bututun motar a bayan bango inda ba a gani sai daɓe ya ruɓe. A jihohin sanyi, tiyo mai ɗumama kansa wajibi ne.

Wuta iri biyu ce. Mota mai amfiya 30 tana shan bolt 120, wat 3,600, soket ɗinta TT-30 mai rami uku, da wayar tagulla lamba 10. Mai amfiya 50 tana shan bolt 120/240, har wat 12,000, soket 14-50 mai rami huɗu, waya lamba 6. In nisan ya kai ƙafa 100, a ƙara kaurin waya. Ga kuskuren da ke ƙona motoci: soket ɗin TT-30 ya yi kama da na tsohon injin busar da tufafi, sai mai wutar da bai saba ba ya ba shi bolt 240. Ana jonawa caja, talabijin da allon firji suka tafi. Kafin a soka filogi, a sa mita a ga 120. Jawo doguwar waya daga soket ɗin shago ta ƙarƙashin ƙofa kuwa, iyakwandishan kaɗai ya isa ya narkar da ita, kuma ita ce abin da sufeto ke fara hangowa daga titi.

A gwada ƙararrawar hayaƙi, ta iskar gas, da ta gubar hayaƙin inji mara wari, a duba ranar ƙarewarsu a bayansu. Janareto ba ya kwana a kunne kusa da taga.

Mataki na 8: Zaman sauraro

In izini mai sharaɗi ne, za a aika wa maƙwabta sanarwa. A Kalifoniya, masu filayen da ke cikin ƙafa 300, kwana 10 kafin zaman. Riga takardar isa wurinsu. Maƙwabcin da ya ji daga bakinka cewa za a samu mai ido a layin da dare yakan zama mai goyon baya, wanda ya tsinci labarin a ambulan yakan zo da ƙorafi. A gaban kwamiti, kai da kanka ka miƙa sharuɗɗa: mutum ɗaya ko biyu, ba haya, ba tara kaya a waje, shinge, dubawa duk shekara. Tsoronsu kada mota ɗaya ta zama biyar.

Mataki na 9: In ma'aikaci ne zai zauna

Rubuta yarjejeniya: awannin da ake ɗauka aiki ne da waɗanda nasa ne, domin dokar albashi ta tarayya tana duba wannan ga mai kwana a wurin aiki. A faɗi ranar da zai tashi in aiki ya ƙare. A jihohi da yawa wanda ya zauna ya samu haƙƙi irin na ɗan haya, ba a yanke masa wuta ko a canza kwaɗo, sai ta kotu. Ta fuskar haraji, sashe na 119 na dokar harajin tarayya ya ce masaukin ba ya shiga lissafin albashi in ya cika abu uku: yana cikin wurin sana'ar, don amfanin mai sana'ar aka ba da shi, kuma sharaɗin aikin ne.

In takardar gargaɗi ta riga ta zo

Yawancin binciken ƙorafi ne ke tayar da shi: tiyo a ƙasa, shanya, ƙarar janareto, fitila da tsakar dare. Takardar tana ɗauke da lambar sashen da aka saɓa, da wa'adin gyara, da wa'adin ɗaukaka ƙara, wanda gajere ne. Kira jami'in a ranar, ka tambaya ko shigar da neman izini zai tsayar da lissafin tara, ka nemi amsar a rubuce. A garuruwa da yawa kowace rana laifi ce sabuwa, kuma tarar da ba a biya ba ana ɗora ta a kan filin, wato a kan mai fili ko da ɗan haya ne ya jawo. Kafin a yanke hukunci, cire tiyo da waya, ka kai motar sansani mai lasisi ka biya na wata, ka ɗauki hoton filin mai kwanan wata ka aika wa jami'in.